Na sayi zanen matan Edenton: takardar ta yi, amma katin bayanin ya juya magana baibai

Akwai ƙananan shaguna da yawa a intanet nan Amurka waɗanda sana'arsu ita ce sake buga tsofaffin zane-zanen tarihi suna sayarwa. A ɗaya daga cikinsu na sayi hotuna biyu, dukansu na zamanin da mutanen ƙasar nan suke ƙarƙashin Ingila suna ƙaurace wa kayanta. Dala 46 na biya har da kuɗin aikowa. Takardar ta yi, naɗin kayan ya yi, mai shagon kuma mace ce mai mutunci. Sai dai bugun babban hoton ya yi duhu har ya haɗiye mutum guda, katin bayanin da suka haɗo da shi kuma ya faɗi akasin abin da ke cikin zanen. Katin nan ne ya zaunar da ni rubutu, don na san akwai malaman tarihi da iyaye irina da za su saya su miƙa wa yara yadda ya zo.

'Yata ce aka ba aikin makaranta a kan matan Edenton, shi ya sa na nemi hoton. Sunansa da Turanci A Society of Patriotic Ladies, idan mutum zai neme shi. An fitar da shi a Landan ranar 25 ga Maris 1775 daga shagon Robert Sayer da John Bennett da ke titin Fleet, kuma masana suna jingina zanen ga wani mai suna Philip Dawe. Abin da ya jawo shi ya faru wata biyar kafin nan. Edenton ƙaramin gari ne na bakin ruwa a Karolina ta Arewa, jihar da muke zaune, kuma a wancan lokacin tashar jiragen ruwa ce mai ciniki. A watan Agusta na 1774 wakilan yankin suka taru a New Bern suka yanke shawarar ƙaurace wa shayi da kayan Ingila. Ranar 25 ga Oktoba mata 51, Penelope Barker na gabansu, suka sa hannu a takarda cewa suna bayan wannan shawara kuma za su tsaya a kanta. Takardar ta fito a jaridar Virginia Gazette, sannan ta haye teku ta fito a wata jaridar Landan a watan Janairu na 1775, da sunayensu.

Sunayen nan su suka fi taɓa ni. Mazan Boston da suka zubar da akwatin shayi 342 a ruwa daren 16 ga Disamba 1773 shigar burtu suka yi, wasunsu suka yi ado irin na Mohawk, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, don kada a gane su. Matan Edenton kuwa kowace ta ɗauki alƙalami ta rubuta sunan da aka san ta da shi. Mijin Penelope, Thomas Barker, yana Landan a lokacin a matsayin wakilin yankin. Ya tafi tun 1761 bai dawo ba sai 1778, ita ce ke riƙe da gida da dukiya duk tsawon shekarun nan. Sunan gidansa ne ya fito a jaridar garin da yake zaune, cikin mutanen da yake hulɗa da su kullum.

Kafin mutum ya fahimci zanen sai ya san abin da ya sa ƙauracewar ba za ta yiwu ba in babu mata. Dokar wancan zamani ba ta ba mace ƙuri'a ba, matar aure kuma dukiyarta tana ƙarƙashin mijinta. Amma cefane, da shayin safe, da yadin da za a ɗinka wa yara, da abin da za a sa wa baƙo a gaba, duk a hannunta suke. Tun daga harajin hatimi na 1765, zuwa harajin Townshend na 1767 a kan gilashi da dalma da fenti da takarda da shayi, maza ne suke taro su ce an daina sayen kayan Ingila. Wadda za ta samo abin da zai maye gurbinsu ita ce uwargida. A garuruwan arewa maso gabas mata sukan ɗauko keken kaɗinsu su taru a gidan limamin coci, su wuni suna kaɗa ulu da lilin, jaridu suna buga labarin yawan zaren da suka tara. Duk wadda ta taɓa zama kusa da kakarta tana murza mazari ta san zaren riga ɗaya ba aikin yini ba ne, balle a ce tufafin gida duka. A farkon 1770 matan gida fiye da 300 a Boston suka yi alkawarin barin shayi, aka koma dafa ganyayen lambu da na daji. A shekarar ce majalisar Ingila ta soke harajin Townshend, ta bar na shayi kaɗai, kwabo uku a kan kowace laba, don kada a ce ta sauka daga ikonta na sa haraji.

To, ga yadda kayan suka iso. A bututun kwali mai ƙarfi aka turo su, an naɗe da takarda mai laushi, ba lanƙwasa ba tsagewa. Sai da na danne su da manyan littattafai kafin su miƙe, wannan kuwa haka duk hoton da aka naɗe yake. Takardar mai kauri ce, ba ta ƙyalli, launinta ya ɗan ja zuwa ruwan madara, don haka ba ta ɗaukar hasken fitila ta watsa maka a ido. Babban hoton inci 11 ne a 14, kusa da girman na asali. Abin da na fi yaba musu shi ne ba su yanke rubutun ƙasa ba. Shaguna da dama sukan datse shi don hoton ya shiga firam, alhali a nan ne sunan masu bugawa da adireshinsu na Landan da kwanan wata suke. Wanda ya karanta wannan layi ɗaya ya riga ya san daga wane ɓangare zanen ya fito.

Mun shimfiɗa shi a tebur ni da 'yata muka bi shi sannu a hankali. A tsakiya akwai tebur, mata sun kewaye shi, an tayar musu da gashi sama irin yayin Landan na lokacin. Shugabar taron tana riƙe da guduma, an ba ta fuskar namiji, mummuna, da gangan. Masu nazari da yawa suna cewa fuskar wani babba ce a siyasar Ingila aka ɗora mata. Kusa da ita wata budurwa ce riƙe da alƙalami, amma hankalinta ba ya kan takarda, wani namiji ya rungumo ta yana neman sumbatarta. Wata ta sunkuya a kan tebur tana rubutu, an zana ta yadda mai kallo zai yi dariyar ƙirarta. Can baya wata ta kafa kai a ƙaton kwanon barasa, wasu kuma suna juye ganyen shayi daga gwangwani zuwa cikin hulunan maza. Sai ka sauke ido ƙarƙashin tebur. Yaro ne ƙarami zaune a ƙasa, ba mai kula da shi, kare yana lasar masa fuska, karen nan kuma ya ɗaga ƙafa yana fitsari a kan gwangwanin shayi.

'Yata ba ta kai ƙarshen kallon ba ta ɗago ta ce, "Umma, ai wannan zagi ne."

Zagi ne kuwa. Amma katin da shagon ya haɗo, mai kyan rubutu, da zanen 'yar butar shayi a kusurwa, cewa ya yi an zana hoton don karrama jarumtar matan Edenton, kuma yana nuna su suna aikin kishin ƙasa. Ba inda ya ambaci Landan, ba inda ya ce zambo ne. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Yaron da ya karanta katin sannan ya kalli hoton, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko ya rikice, ko ya ɗauka haka matan suka kasance da gaske, mashaya, masu sakaci da 'ya'ya, masu wasa da maza a bainar jama'a. Ke nan aikin da mai zanen ya so ya yi a 1775 katin ya ƙarasa masa shi.

Kuma ba a kan shugabannin Edenton kaɗai zambon ya tsaya ba. Kowane lungu na hoton yana faɗin abu ɗaya: mace in ta shiga maganar ƙasa, gidanta ya lalace, mutuncinta ya zube, kamanninta ma sun koma na maza. Mai zanen bai tsaya yin gardama da su a kan haraji ba ko kaɗan. Tarbiyyarsu ya kama. Haka wani mutumin Ingila, Arthur Iredell, ya rubuto wa ɗan'uwansa James Iredell da ke zaune a Edenton wasiƙa a ƙarshen Janairu na 1775, yana tambaya cikin ba'a ko a Edenton ma mata sun kafa tasu majalisar. Duk macen da ta taɓa tsayawa takara ko ta yi magana a taron unguwa, a nan ko a gida, ta san wannan makami, don har yau ba a ajiye shi ba: wa ke kula mata da yara, ina mijinta, me ya kai ta cikin maza. Darajar hoton a wajena ita ce yana nuna makamin tsirara, da kwanan wata a ƙasansa. In aka lulluɓe shi da sunan karramawa, an raba shi da amfaninsa.

Akwai wani abu kuma da katin ya kamata ya faɗa. Rubutun da ke kan takardar da matan cikin hoton suke sa wa hannu ba shi ne ainihin abin da matan Edenton suka rubuta ba. A hoton an sa su suna cewa sun bar muguwar al'adar shan shayi kuma ba za su goyi bayan sa kayan Ingila ba sai an soke dokokin da ke neman bautar da ƙasarsu. Takardarsu ta gaskiya ba ta ma ambaci shayi ba. Cewa suka yi ba za su iya zama 'yan kallo ba a kan abin da ya shafi zaman lafiya da jin daɗin ƙasarsu, kuma wajibi ne a kansu su bi shawarar da wakilai suka yanke. Magana ce ta natsuwa, ta mutanen da suka san abin da suke yi. Na nemo ta na buga wa 'yata ta haɗa da aikinta, don a ga muryarsu kusa da muryar da aka ara musu.

Sai maganar duhun bugu, wadda ta fi ci mini rai bayan katin. Hoton asali irin wanda ake kira mezotint ne. Mai aikin yakan ɗauki farantin tagulla ya bi shi da wani ƙarfe mai haƙora har ya yi kaushi ko'ina, ta yadda in an shafa tawada aka buga, baƙi ƙirin zai fito. Daga nan sai ya riƙa kankarewa yana gogewa: inda ya goge sosai ya fito fari, inda ya taɓa kaɗan ya fito toka-toka. Wato daga duhu ake tono hoton, kuma duk gwanintar tana cikin bambancin baƙi da baƙi. Injin buga hoto in ba a saita shi da kyau ba sai ya tattara waɗannan matakai ya mai da su baƙi ɗaya. Abin da ya faru da nawa ke nan.

A bayan shugabar taron akwai mace baƙar fata tsaye, riƙe da faranti mai kurtun tawada. Baiwa ce. A kwafin da aka aiko mini farantin ya fito, farin tufarta ya fito, fuskarta kuwa ta narke cikin bango, sai ka kawo fitila kusa kafin ka ga ido da baki. Na buɗe hoton a shafin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka na gwada, a can fuskar tana nan sarai. Ni baƙar mace ce, 'yata ma haka, kuma ita ce mutum ta farko da muka nema a hoton. Takardar da ke kan tebur tana kukan dokokin da za su bautar da ƙasa, tawadar da ake rubuta kukan kuma tana hannun wadda ake bautarwa a cikin ɗakin. Penelope Barker kanta ta mallaki bayi. A garin Edenton ɗin nan aka haifi marubuciya Harriet Jacobs cikin bauta wajen 1813, wadda ta ɓuya kusan shekara bakwai a wani matsattsen rufin ɗaki na gidan kakarta kafin ta tsere zuwa arewa. Faɗin wannan ba ya rage wa mata 51 ɗin nan ƙarfin halinsu a idona. Amma ba zan koya wa 'yata labarinsu in tsallake wadda ke tsaye a bayansu ba, kuma bai kamata injin bugu ya tsallake mini ita ba.

Na rubuta wa mai shagon na haɗa mata hotuna biyu, nata da na ɗakin karatu, gefe da gefe. Ta amsa da wuri, cikin ladabi. A kan duhun ba ta yi musu ba, ta ce za ta sake saita injin ta turo wani ba tare da na ƙara ko sisi ba, kuma ta cika alkawari. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba: fuskar ta fito, har ninkin labule da inuwar ƙarƙashin tebur sun rabu da juna. A kan katin ne muka rabu. Ta ce ta san zambo ne, amma masu saye sun fi son abin da za su ba uwa ko malama kyauta, kalmar zagi kuma tana kashe ciniki. Na fahimci mai ƙaramin jari tana lissafin abin da zai fita. Duk da haka ban yarda ba. Ana iya rubuta gaskiya a layi uku kuma hoton ya ƙara daraja: an zana shi a Landan don a yi wa matan dariya, abin da suka yi ya kai har Landan ta damu, ƙasa da wata guda bayan fitowarsa aka fara harbe-harben yaƙin neman 'yancin Amurka a garuruwan Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775. Wane mai saye ne wannan zai kora?

Hoto na biyu ƙarami ne, kuma bugunsa ba shi da matsala, don zanen layi ne, ba ya buƙatar matakan duhu. Shi ne wanda ake kira The Able Doctor, ya fara fitowa a mujallar London Magazine a 1774, Paul Revere, maƙerin azurfa mai zane, kuma ya kwafe shi a Boston a watan Yuni na shekarar. A ciki an zana Amurka a siffar mace 'yar asalin ƙasar, an danne ta a ƙasa. Firaminista Lord North yana ɗura mata shayi daga buta, takardar dokar rufe tashar Boston tana leƙowa daga aljihunsa, ita kuma tana feso masa shayin a fuska. Lord Mansfield, babban alƙalin Ingila, ya riƙe mata hannuwa, Lord Sandwich, ministan sojan ruwa, ya riƙe ƙafafu yana ɗaga mata zane. Wata mace da ke wakiltar Birtaniya ta kau da kai tana rufe fuska. Na ji daɗin da na sayi biyun tare, ko da yake shagon bai ce komai a kan alaƙarsu ba. In ka jera su sai ka ga abin da masu zanen Landan suke iya ɗauka da wanda ba sa iyawa. Mace in alama ce ta ƙasa, kwance, ana zaluntarta, to a tausaya mata. Mace in mai suna ce, zaune a kujera, tana yanke shawarar abin da za ta saya da abin da za ta bari, to a yi mata dariya.

Wanda zai saya ya san cewa waɗannan ba hotunan falo ba ne a gidan Bahaushe. Surukata tana wajenmu lokacin da sabon bugun ya iso, ta ɗauki na Edenton ta duba ta ajiye, ta ce, "'Yar nan, kare da giya da wannan rungume-rungume, a ina za ki rataya shi?" Gaskiyarta. Na ce mata, "Hajiya, na karatu ne, ba na bango ba." Ƙaramin ma ya fi tsanani, domin matar cikinsa rabin jikinta a waje yake, kuma abin da ake yi mata cin zarafi ne ƙarara. Shi ban ba 'yata ta kai makaranta ba. Mun kalla tare, na yi mata bayani, na mayar da shi cikin jakar takardu. Ga ɗaliban babbar sakandare da na jami'a, da malami a tsaye yana jan ragamar tattaunawa, duka biyun kayan aiki ne masu kyau. Ga 'yan firamare ban ba da shawara ba.

Shin kuɗin ya biya? In kana nan Amurka kuma kana son takarda mai kauri da za ta jure hannun ɗalibai, ya biya, da sharaɗin ka duba fuskar matar da ke riƙe da tawada da zarar ka buɗe, in ba ta fito ba ka nemi a sake maka, katin kuma ka ajiye shi gefe ka rubuta naka. In kana Kano ko Zariya ko Maraɗi, kada ka wahalar da kanka da kuɗin aikowa, don zai iya fin kuɗin hoton. Zanen ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kuma ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi a shafinsa, ana saukewa kyauta. Gidan tarihi na Birtaniya da na Metropolitan da ke New York su ma suna da kwafinsa. Ka sauke mafi nauyin fayil ɗin, ka kai wa mai buga hotuna da ka yarda da aikinsa, ka ce masa takarda marar ƙyalli kake so, kada ya ƙara baƙi, kada kuma ya yanke rubutun ƙasa. Ka sa ya fara gwada maka kusurwar da baiwar take a 'yar ƙaramar takarda kafin ya buga babban.